Abin Da Ke Hana 'Yar Mesa Cin Abinci, Da Yadda A Ke Shawo Kanta

Akwai wata sana'a da mutanen karkara na Togo da Gana da Jamhuriyar Benin su ke yi, wadda da yawa daga cikin masu karatun wannan fili ba su taɓa jin labarinta ba, watau cinikin 'ya'yan mesa. Can wajen ƙarshen rani mafarauta su kan bi gonaki da saura suna tonon ramummuka da suri, su kwaso uwayen da ke da ciki da ƙwayayen da aka riga aka saka, su kai wa masu gidajen ƙyanƙyasa. In ƙwai ya fashe sai a zuba 'ya'yan cikin akwatuna a sa a jirgin sama. Tun daga 1975 an fitar da fiye da miliyan 3 daga ƙasashen nan uku, galibinsu zuwa Amurka, saura Turai da Asiya. Can mutane su ke sayensu su ajiye a ɗaka don sha'awa, kamar yadda a nan wani ya ke ajiye tantabaru ko aku. Yau ma a manyan garuruwan ƙasar nan a kan sami mai sha'awar abin, ban da masu aikin gidajen zu da makarantun da ke koyar da ilmin dabbobi.

To, duk wanda ya karɓi 'yar mesa sabuwa, ko a Shikago ya ke ko a Kano, kuka ɗaya ya kan yi: ta ƙi cin abinci. Ya miƙa mata ɓera ta kau da kai, gobe ya sake miƙawa ta cusa kanta cikin jikinta. Daga nan hankalinsa ya tashi, ya shiga dabaru iri iri, har dabarun su zama su ne ajalinta. Gaskiyar magana kuwa, a mafi yawan lokaci 'yar mesar lafiyarta ƙalau. Tsoro ne da sanyi ke hana ta ci, mai ita ne kuma ya jawo su duka biyu bai sani ba.

WACE IRIN MESA CE

Tilas a fara da wannan, don kuskure a nan ya fi ƙin cin abinci muni. Mesa iri biyu ce a ƙasashen nan. Akwai babbar da kowa ya sani, wadda wani lokaci ta kan wuce ƙafa 15 in ta riƙa, ta haɗiye akuya sukutum. Wannan ba dabbar gida ba ce, komai ƙanƙantarta ranar da aka samo ta. Sa'an nan akwai ƙaramar, gajeriya kakkaura, mai baƙi da ruwan ƙasa, wadda ba safai ta ke wuce ƙafa 5 ba. In ta firgita ba ta neman faɗa, sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya, shi ya sa Turawa su ka sa mata suna mesar ƙwallo. Ita ce a ke ciniki, ita ce kuma a ke zance a nan. Ba ta da dafi.

Amma fa kasa ma gajeriya ce kakkaura mai zane, kububuwa kuma ƙarama ce mai zane, su biyun kuwa suna kisa. Ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo, a Jihar Gwambe, sun san yawan manoman da kububuwa ke kai musu kowace shekara. Saboda haka kada kowa ya sa hannu ya ɗauki ɗan maciji a gona wai yana zaton 'yar mesa ce. Akwai kuma maganar doka. Mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta ce ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda. Nijeriya ta kafa tata dokar ta kare namun daji masu ƙarewa a 1985, ta yi mata gyara a 2016. Mai niyyar ajiye mesa ko cinikinta ya fara zuwa ofishin gandun daji na jiharsa ya ji abin da aka yarda da shi.

ZAMANTA A JEJI

Wanda ya san yadda dabba ta ke zaune a jeji ya sami rabin maganin ciwonta a gida. Ƙaramar mesa ba mai yawo ba ce. Yini ta ke yi cikin ramin ɓera ko cikin suri, inda ke da duhu da ɗumi da 'yar laima, bangon ramin yana taɓa jikinta ta ko'ina. Sai dare ya yi ta ke leƙowa, sau da yawa ma bakin ramin kaɗai ta ke tsayawa ta jira abin da zai gitta. Ba da ido ta ke farauta ba sosai. Harshen nan da ta ke zarowa da shi ta ke ɗauko wari, sa'an nan a leɓenta na sama akwai waɗansu 'yan ramummuka a jere, waɗanda ke jin ɗumin jikin ɓera ko da cikin baƙin duhu ne.

Uwa ta kan sa ƙwai kamar 4 zuwa 10, ta naɗe su da jikinta wajen wata biyu. 'Yar da ta fito tsawonta bai fi inci 10 zuwa 16 ba, nauyinta kuwa tsakanin giram 50 da 100. Ta kan fito da sauran kwaiduwa a cikinta, da shi ta ke rayuwa har ta yi saɓar fari, bayan mako ɗaya ko biyu. Kafin wannan saɓa ba ta cin komai, ba ta kuwa bukata. Da yawa daga cikin waɗanda a ke sa wa a jirgi ba su taɓa cin abinci ko sau ɗaya ba tun da su ka zo duniya. Don haka tambaya ta fari da mai saye zai yi wa mai sayarwa ita ce, sau nawa ta ci, me ta ci, mai rai ko matacce, kuma yaushe ne na ƙarshe. In mai sayarwa ya shiga kame-kame, to, mai saye ya san aikin da ke gabansa.

Abu ɗaya kuma da ya kamata a riƙe: 'yar mesa a jeji abincin kowa ce. Shaho na ci, tunku na ci, manyan macizai na ci. Sa'ad da ta ke haɗiyar ɓera bakinta a cike ya ke, ba ta iya gudu, ba ta iya kare kanta. Saboda haka ba ta yarda ta ci sai ta tabbata ba mai ganinta. Mutum ya dubi halin wadda aka ciro daga rami, aka jijjiga cikin buhu da mota, aka sa ta cikin ƙaton akwatin gilashi tsakiyar falo, yara suna ƙwanƙwasawa, baƙi suna cewa a fito da ita su gani. Ina za ta ci?

A FARA GYARA MAZAUNI

Babban akwati ba gata ba ne ga 'yar mesa. Robar ajiye kaya mai murfi, tsawon ƙafa ɗaya da rabi, faɗin ƙafa ɗaya, ta ishe ta watanni da dama. A huda ƙananan ƙofofin iska a gefe, a tabbata murfin yana kamawa gam, don mesa gwanar tura murfi ce. A shimfiɗa takarda a ƙasa. Jaridar nan ma, in an gama karanta ta, ta yi. Kada a zuba yashi ko garin katako, don su kan manne wa abinci ta haɗiye. A sa ruwa mai tsabta cikin kasko mai nauyi wanda ba za ta kifar ba.

Sa'an nan maɓoya, wadda ita ce ta fi komai. A kifa ɗan kasko ko 'yar ƙwarya, a fasa ƙofa a gefe daidai shigarta. A yi guda biyu, ɗaya a kowane ƙarshen akwatin. Kuskuren da a kan yi shi ne a ba ta maɓoya mai faɗi don a ji daɗin cewa an kyauta mata. Matsattsiya ta ke so, wadda in ta naɗe a ciki bayanta zai taɓa sama, gefenta ya taɓa bango. In akwatin na gilashi ne a rufe gefe uku da takarda. A ajiye shi a ɗakin da ba zirga-zirga, nesa da rediyo da injin niƙa, gama maciji yana jin girgizar ƙasa ƙwarai.

Maganar ɗumi kuwa, a nan ne yawancin masu kiwo su ke faɗuwa. Mesa ba ta yin zafin jiki da kanta kamar akuya ko kaza, daga waje ta ke samu, da shi kuma ta ke narkar da abinci. In wuri ya yi sanyi abincin ya kan ruɓe a cikinta kafin ya narke, ita ma ta san haka, shi ya sa ta ke ƙin karɓa. Ana so gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 ko 32 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen ya tsaya wajen 25 zuwa 27, don ta zaɓi inda ta ga dama. Wannan ba a gane shi da tafin hannu. Tilas a sayi ma'aunin zafi a ajiye a ƙasan akwatin, inda cikinta ke taɓawa.

Masu kiwo na Turai su kan sa wata 'yar shimfiɗar lantarki ƙarƙashin gefe guda, haɗe da na'urar da ke kashe ta in zafi ya kai. Ba a sa shimfiɗar ba tare da na'urar ba, don maciji ya kan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai motsa ba. Inda wuta ke ɗaukewa, kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma aka jingina a wajen akwatin tana taimako da dare. Kaskon gawayi kuwa kada a kusanto da shi, hayaƙin zai kashe ta.

A ƙasar Hausa lokaci biyu ne na hatsari. Da hunturu dare ya kan yi sanyi har ƙasa da digiri 15, ga iska busasshiya. Busasshiyar iska tana hana saɓa fita da kyau, mesar da tsohuwar fata ta manne mata a ido kuwa ba ta ci. Maganin wannan shi ne a sa ɗan jiƙaƙƙen tsumma, wanda aka matse, cikin maɓoya guda, a riƙa sakewa. Da bazara kuma abin ya kan juye, ɗaki mai rufin kwano ya wuce digiri 40. Zafin da ya haura 35 in ya daɗe yana kashe ta, ya ma fi sanyi saurin kisa. A lokacin sai a kashe duk wani abin ɗumi, a mai da akwatin ɗakin da ya fi sanyi, a ajiye a ƙasa. Ba a shanya ta a rana.

In an gama wannan duka, sai abu mafi wuya: a ƙyale ta. Kwana 7 zuwa 10 ba ɗauka, ba nuna wa baƙi, ba miƙa abinci, sai canjin ruwa kawai. Alamar ta fara sakin jiki ita ce a gan ta da dare ta fito da kai bakin maɓoya, ta tanƙwara wuya, harshe yana fita. Wannan ita ce mai jiran abinci.

ABIN DA ZA A BA TA

Ɓera ne abincinta, amma ba kowane ɓera ba. Girmansa kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta, nauyinsa kuma kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. Watau mesa mai giram 80 ɓera mai giram 8 zuwa 10 ya ishe ta. Babban ɓera yana tsorata ta, in ma ta haɗiye ta kan amayar.

Manomi zai ce ai abin ya zo da sauƙi, ga ɓeraye cike da rumbu. A nan ne fa ya kamata a yi hattara ƙwarai. Ɓeran da ya fi yawa a gidaje da rumbunan Afirka ta Yamma, mai laushin gashi da nonuwa da yawa, shi ne abincin mesa na asali a jeji, amma kuma shi ne mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, ciwon da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa ta ƙasar Borno. Ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa mutum ke kamuwa, mai kama shi da hannu yana yanka yana juyawa kuwa shi ne a sahun gaba. Sa shi a firiza ba ya kashe ƙwayar. Ban da wannan, ɓeran gida ya kan zo da tsutsar ciki, ko kuwa ya ci maganin ɓera a gidan maƙwabci bai mutu ba tukuna, mesar ta ci ta mutu. Ran mutum da na iyalinsa ya fi 'yar mesa nesa ba kusa ba.

Hanyar da ta dace ita ce fararen ɓerayen kiwo, irin waɗanda jami'o'i da cibiyar binciken dabbobi ta Vom su ke kiwatawa don gwajin magani. Kiwonsu ba wuya: mace ta kan haihu bayan kwana 19 zuwa 21, 'ya'ya 6 zuwa 12, dusa da hatsi da ɗan abincin kaji sun riƙe su. Wanda ba zai iya tanadin wannan ba tun kafin mesar ta iso, gara ya haƙura da kiwon.

Matacce ya fi mai rai. Ɓera mai haƙori in aka bar shi da mesar da ba ta da niyyar ci, shi ya kan juya ya ci ta, ya gaigaye mata baya har ƙashi, ita kuwa tana dunƙule ba ta rama ba. A kashe ɓeran farat ɗaya ba tare da wahalarwa ba, a ba ta da ɗuminsa. In daskararre ne daga firiza, a bari ya saki sarai har ciki, kana a sa shi a leda a tsoma cikin ruwa mai ɗumi har jikinsa ya yi kamar na mai rai, musamman kai. Sanyin ɓera kaɗai ya isa ya sa ta ƙi, don 'yan ramummukan leɓenta ba su ga komai ba.

DAREN GWAJI

A jira bayan isha, a rage haske. A wanke hannu. A kama ɓeran da dogon hantsaki ta baya, ba da yatsu ba, don hannu ya fi ɓera ɗumi, shi za ta kai wa. A buɗe murfi a hankali, kada a ɗaga maɓoyar. A riƙe ɓeran ƙasa ƙasa kamar inci 3 daga ƙofa, a ɗan motsa shi kamar mai tafiya. Kada a zo mata da shi ta sama, gama ta sama shaho ke zuwa. Kada kuma a dangwara mata a fuska. Waɗansu macizai in an tsokane su haka su kan kai cizo, wannan kuwa dunƙulewa ta ke yi, shi ke nan an ɓata daren.

In ta cafke ta naɗe, a ɗan ja kaɗan don ta ƙara matsewa, a saki, a rufe, a fita. Haɗiyar ta kan ɗauki minti 10 zuwa 30, ta kai ta ke farawa. Leƙe a wannan lokaci ya kan sa ta tofar. In kuwa minti biyu ko uku sun wuce ba ta kula ba, a ajiye mataccen bakin maɓoya, a kashe fitila, a tafi. Da yawa ba su ci sai ba kowa. In gari ya waye yana nan, a jefar, kada a mayar firiza.

Daga nan kada a sake gwadawa sai bayan kwana 5 zuwa 7. Wannan shi ne inda haƙurin yawancin mutane ya ke ƙarewa. Miƙa abinci kullum tsoro ya ke ƙara mata, har ta koyi cewa buɗe murfi masifa ce. Tsakanin gwaji da gwaji aikin mai kiwo shi ne ya sake duba ma'aunin zafi da maɓoya. In an ga idonta ya yi fari fari kamar hazo, launin jiki ya dushe, saɓa ce ke tafe. Ba ta gani sosai a lokacin, ba za ta ci ba, a jira ta tuɓe.

In gwaji biyu ko uku sun wuce ba nasara, akwai dabarun da masu kiwo su ka daɗe suna yi, amma a yi su ɗaya bayan ɗaya don a san wadda ta yi aiki. A rage girman ɓeran. A canza launi, gama wata ba ta san farin ɓera ba, sai mai ruwan ƙasa. A sa ta tare da mataccen cikin 'yar jakar takarda, a naɗe baki, a bar jakar cikin akwatinta har safe. A ɗan fasa kan ɓeran don warin ya fito. In duk sun ƙi, a gwada ɗan jaririn ɓera mai rai wanda idonsa bai buɗe ba, wanda ba ya iya cizo, mai kiwo yana kusa.

Ranar da ta ci, a bar ta kwana 2 cur ba taɓawa. In aka ɗauke ta da ƙoshi, ko sanyi ya kama ta, ta kan yi amai, amai kuwa yana wahalar da ita ƙwarai. In ya faru a huta mako 2 kafin a sake ba ta, a ba ta ƙarami. In ta zauna lafiya sai a riƙa ba ta kowane kwana 5 zuwa 7, a kuma jinkirta wasa da ita har ta ci sau uku ko huɗu a jere.

YAUSHE ZA A NEMI LIKITA

Babbar mesa ta kan yi watanni ba ta ci ba, musamman lokacin sanyi da na barbara, ba abin da zai same ta. 'Yar ƙarama ba ta da wannan kitse. Saboda haka ƙaramin sikelin giram yana da amfani kamar ma'aunin zafi. A auna ta ranar da ta iso, a rubuta a littafi, a sake aunawa kowane mako biyu, a rubuta kuma ranar kowane gwaji da abin da ya faru. Muddin nauyi bai sauka ba, jiki yana nan a mulmule, ba abin gaggawa. In ta zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, ko ƙashin baya ya fito kamar tudu, ko fata ta yi yaushi, ko an kai mako 5 ko 6 ba ta ci ba, lokacin likitan dabbobi ya yi.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: numfashi da baki buɗe, ƙara kamar fito in tana numfashi, majina ko kumfa a baki, dasashi ya kumbura ko ya yi ruwa, kashi mai wari da jini. A duba kuma jikinta ko da kaska, waɗanda su kan zo da ita daga jeji, da waɗansu baƙaƙen ƙwari ƙanana kamar ƙuma da ke taruwa gefen ido da ƙarƙashin haɓa. Mesar da ta yini kwance cikin kaskon ruwa sau da yawa su ta ke gudu. Kada a fesa mata maganin sauro ko na kaskar shanu, suna kashe maciji. In za a je wurin likita a tafi da ɗanyen kashinta a leda don ya duba tsutsa.

Ɗura kuwa, watau a buɗe bakinta a tura abinci, aikin likita ne ko wanda ya ƙware, kuma sai komai ya ƙi. Wuyan 'yar mesa bai fi yatsa kauri ba, haƙoranta sun lanƙwasa baya, hannun da bai saba ba ya kan karya haƙori ko ya yaga maƙogwaro. Haka nan ba a ɗura mata madara ko ɗanyen ƙwai ko koko. Bayan kowace taɓawa, ko tata ko ta akwatinta, a wanke hannu da sabulu, don macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar gudawa ko da su lafiyarsu lau. Kaskonta kuma kada a wanke shi inda a ke wanke kwanonin abinci, kada kuma a bar yara ƙanana su taɓa ta.